Jirgin Rimot Mai Inji Biyu: Daga Babbar Kasuwa Zuwa Sararin Sama

Duk wanda ya ga ƙaramin jirgin rimot ɗin da na haɗa don furojet ɗina na shekarar ƙarshe, tambaya ɗaya yake yi mini: me ya sa ka sa masa inji biyu? Yawanci ana ɗauka inji biyu ƙarfi ne ninki biyu, shi ke nan. Ƙarfin yana nan kam, amma babban aikin shi ne sa injinan nan su ja daidai wa daida. In ɗaya ya fi ɗaya ko da kaɗan ne, jirgin zai karkace ya ci ƙasa, kuɗin da ka yi wata da watanni kana tarawa su tafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa 'yan uwana ɗalibai abin da na sani, musamman 'yan lantarki da 'yan kanikanci.

Mu fara da kaya. Kusan duk gangar jikin jirgin a Babbar Kasuwa na samo ta: farin soson da ake naɗe firij da talabijin da shi don yin fikafikai, siririn katako don ƙashin fiffike, sifok ɗin keke don tura sitiyarin jela, sai salatif, waya da dalma daga wajen masu kayan rediyo. A kula, gam mai ƙarfin nan na 'yar kwalba cinye farin soso yake yi, don haka a nemi gam ɗin da ake narkawa da zafi ko farin gam na kafintoci. Abin da sai an yi odarsa ta intanet shi ne injinan lantarki guda biyu, na'urar sarrafa gudun kowanne, 'yan injinan motsa sitiyari, farfela, batirin LiPo da rimot mai zangon 2.4GHz. Shawarata, sayi injinan biyu iri ɗaya, lamba ɗaya, a lokaci ɗaya.

To ina matsalar take? Farfela in tana juyawa dama, tana murɗa jikin jirgin hagu. In duka biyun suna juyawa gefe guda, murɗawar ta haɗu ke nan. Maganinsa tsohon abu ne. Jirgin 'yan uwan nan Wright da ya tashi a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903 inji ɗaya gare shi, amma farfelarsa biyu ce, kowace tana juyawa saɓanin 'yar uwarta don murɗawar ta kashe juna. Mu namu ya fi sauƙi: injin yana da waya uku, ka musanya kowaɗanne biyu daga ciki, sai ya juya baya. Sai dai dole ka sayi farfela ta dama da ta hagu, domin kifa farfela ba ya mayar da ita ta ɗaya gefen.

Na biyu, ƙarfin ja. Kada ka yarda da kunnenka wai ƙararsu ɗaya ce. Ni sikelin kicin na aro, na ɗaure kowane inji a kan katako na auna jansa a rabin wuta da cikakkiyar wuta. Sannan na saita na'urorin gudun biyu lokaci guda, na ba su batir ɗaya da waya mai tsawo ɗaya, don in wuta ta yi ƙasa su rage tare.

Na uku, wurin ɗora injinan. Iya nisan inji daga tsakiyar jirgi, iya ƙarfin da zai juya hancinsa in ɗan uwansa ya mutu. Kamar ƙofa ce: turawa daga bakin mariƙi ta fi turawa daga kusa da hinji tasiri. Saboda haka matso da su kusa da jiki iyakar yadda farfela ba za ta taɓa ba, ka kuma yi tsayayyen fiffiken jela babba. In inji ɗaya ya ɗauke a sama, hannu zai so ƙara wuta. Kada ka ƙara! Rage wutar gaba ɗaya, ka sunkuyar da hanci kaɗan, ka bar shi ya sauko a hankali kamar shirwa.

Sai daidaiton nauyi. Ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na faɗinsa daga gaba. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan rinjaya. In jela ta fi nauyi, wallahi ba ya jin rimot. Matsar da batir gaba ko baya ya isa gyarawa.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska ba ta da kauri, sai jirgi ya buƙaci ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Da sanyin safiya ya fi. Kullum a tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantarta. Batirin LiPo kuwa ba abin wasa ba ne: kowane ɗaki nasa kada ya wuce volt 4.2 a caji, kada kuma a zuƙe shi ƙasa da volt 3. Kada a bar shi a rana, kada a sa shi caji a hostal a tafi lakca. In ya kumbura, a rabu da shi, don yana kamawa da wuta.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Ga kuma halin tsaron da jiharmu ke ciki, kowa ya ga baƙon abu a sama hankalinsa zai tashi. Don haka a bi ta hannun sashe da malamin da ke duba furojet a nemi izini a rubuce, a nisanci filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua, barikoki da duk wani taron jama'a. Kasuwa wurin sayen kaya ce, ba wurin gwaji ba. Farfela tana yanka yatsa kamar reza.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. Jirgi marar matuƙi da rundunar sojin sama ta ƙaddamar a Kaduna a Fabrairun 2018, wanda aka sa wa suna Tsaigumi, dokokin nauyi da ja da ɗagawa da yake bi su ne dai jirgin soso yake bi. Mai sha'awa ya fara da inji ɗaya ya iya tuƙi tukuna, sannan ya ƙara na biyu. Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa.