TAKALMAN NUTSO: ABIN DA MAI ZUWA HUTU BAHAR MALIYA ZAI DUBA KAFIN YA SAYA

Daga Wakilinmu

Bahar Maliya ba baƙon suna ba ne a kunnen mutanen ƙasar nan, domin kakanninmu da suka tafi aikin hajji ta ƙasa sun sha tsallaka shi daga Sawakin zuwa Jidda. To, amma su saman ruwan suka sani. A zamanin yau wanda karatu ko aiki ya kai shi Masar yana iya ware 'yan kwanaki daga hutunsa, ya nufi Hurgada ko Sharm al-Shaikh ko Dahab, ya koyi nutso da tulun iska a bayansa, ya ga kifaye da duwatsun murjani da Allah ya halitta a ƙarƙashin tekun.

Daga cikin kayan da mai nutso yake bukata, akwai guda ɗaya da sababbin shiga suka fi rainawa, wato takalman nan masu faɗi kamar ƙafar agwagwa da ake tura ruwa da su. Galibi mutum yakan dubi launi da kuɗi kawai ya biya. Alhali abu biyu ne ya kamata su yanke masa shawara: ta ina zai shiga ruwa, da kuma yadda takalmin ya zauna a ƙafarsa.

ASALIN TAKALMIN

Wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis de Corlieu shi ne ya ƙago takalmin iyo irin na zamani. Ya nuna samfurinsa na farko a 1914, ya kuma yi masa rajista a 1933. Bayan shekara goma, wato a 1943, Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka haɗa na'urar shaƙar iska daga tulu, wadda ta ba mutum damar yawo a ƙarƙashin ruwa ba tare da wata igiya ta haɗa shi da jirgi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma wani ɗan Italiya, Luigi Ferraro, tare da kamfanin Cressi, suka fito da takalmin da ake kira Rondine, mai rufe ƙafa duka har diddige.

Tun daga lokacin takalman suka kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne mai rufaffen diddige, wanda ake zura ƙafa a cikinsa kamar takalmi sau-ciki, ba maɗauri ba ƙugiya. Kashi na biyu shi ne mai buɗaɗɗen diddige, wanda ake ɗaurewa ta baya da maɗauri, kuma ana sa shi ne a kan wani ɗan takalmin roba mai kama da huffi, mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ko fiye. Na farkon shi ne aka fi dangantawa da ruwa mai ɗumi, shi ne kuma abin da muke magana a kansa.

ME YA SA TAKALMI YA ZAMA ABIN KULA?

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Mai nutso kuwa yana ɗauke da tulu, da rigar iska, da dalma a ƙugu, kuma ba ya iyo da hannu. Saboda haka duk tafiyarsa a ƙarƙashin ruwa a kan ƙafafunsa take, ƙafafun kuma ba su da wani ƙarfi sai ta takalmin.

Ga wani lissafi da zai nuna wa mai karatu inda haɗarin yake. Tulun da aka fi bai wa masu nutso a wuraren hutu yana cin lita 12, ana kuma matsa masa iska har ta ninka sau 200, wato lita 2,400 ke nan. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka a zurfin mita 20 mutum yana shaƙar ninki uku na abin da yake shaƙa a sama. Idan muka ɗauka, a misali, yana shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama, to a can ƙasa lita 60 ce, tulun kuma zai ƙare ƙaf cikin minti 40. In kuwa ya shiga kokawa da takalmin da ke kwaɓewa, ko jijiyar ƙafarsa ta ƙage, numfashinsa ya ninka, minti 20 kawai gare shi. Wanda takalmi ɗaya ya suɓuce masa a inda igiyar ruwa take da ƙarfi, kamar mashigin Tiran ko Ras Muhammad, zai iske komawa wurin jirgi ya zama jan aiki.

AMFANIN MAI RUFAFFEN DIDDIGE

Amfaninsa na farko shi ne rashin nauyi. Kamfanonin jiragen sama da dama kilo 23 suke yarje wa fasinja a jaka ɗaya, kuma wanda ya ɗauki wannan irin bai da bukatar ƙarin huffin roba, ga shi shi kansa takalmin ya fi ɗan'uwansa sauƙi. Na biyu, galibi ya fi araha, tunda abu ɗaya za a saya maimakon biyu. Na uku, da yake robar tana manne da ƙafa kai tsaye, ƙarfin bugun ƙafa yana isa ga fiffiken ba tare da ya salwanta a tsakani ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu gasar iyo da masu nutso da numfashi ɗaya suke amfani da irinsa. Na huɗu, ba shi da maɗaurin da zai tsinke ana dab da shiga ruwa.

INDA YAKE GAZAWA

Aibinsa babba shi ne, da zarar an tuɓe shi mutum ya koma ba takalmi. Idan daga jirgi ake faɗawa ruwa, kamar yadda aka fi yi a Hurgada da Sharm al-Shaikh, wannan ba damuwa ba ce. Amma a Dahab, inda yawancin wuraren nutso daga gaɓa ake shiga, dole mutum ya taka duwatsu da tsakuwa yana ɗauke da kaya masu nauyi kafin ya kai inda zai yi iyo. A irin wannan wuri akwai bushiyar teku mai ƙaya, akwai kuma kifin nan da ke kwanciya kamar dutse, wanda dafin ƙayar bayansa yana cikin mafi muni a tsakanin kifaye. Wanda ya nufi can, mai buɗaɗɗen diddige da huffi mai tafin roba shi ya dace da shi, komai ɗumin ruwan.

Sai kuma batun sanyi. Kada kalmar "ruwa mai ɗumi" ta ruɗi kowa. A arewacin Bahar Maliya zafin ruwa yakan kai wajen digiri 28 a watan Agusta, amma yakan sauko zuwa 21 ko 22 a Fabrairu. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu, don haka mutumin da ya yi nutso uku a yini cikin hunturu zai ji sanyin a yatsun ƙafarsa. Hutun da ya faɗo tsakanin Yuni da Oktoba shi ya fi dacewa da mai rufaffen diddige.

Can kudu, a gaɓar Sudan, ruwan ya fi ɗumi, kuma nutso a wuraren kamar Sanganeb da Sha'ab Rumi duk daga jirgi ake yi. A Sha'ab Rumi ɗin ne ma mutanen Cousteau suka zauna wata guda a wani gida da aka kafa a zurfin mita 10 a 1963. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula harkar baƙi a can, saboda haka lallai mai niyya ya bincika halin da ake ciki kafin ya shirya tafiya.

YADDA AKE GWADAWA

Mai rufaffen diddige ba a ƙara shi, ba a rage shi. Yadda aka saye shi haka zai zauna, saboda haka sai an gwada akan san na ƙwarai. Kamfanoni sukan haɗa lamba biyu a takalmi ɗaya, kamar 40-41 ko 42-43, kuma lambar wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Wasu mazubin ƙafarsu matsattse ne, wasu mai faɗi. Mai faɗin ƙafa ko mai tudun bayan ƙafa kada ya dogara ga lambar takalminsa na ofis, kada kuma ya aiki wani ya sayo masa.

Ya fi kyau a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini. A zauna, a naɗe diddigen robar baya, a zura ƙafa, sannan a mayar da shi. In da hali a jiƙa ƙafar, domin busasshiyar fata tana kama roba, sai mutum ya zaci takalmin ya zauna alhali a ruwa zai yi santsi. Daga nan a ɗaga ƙafa a kaɗa ta sama da ƙasa, dama da hagu. Idan ƙafar tana wasa a ciki, ya yi yawa. Sai a miƙe tsaye a ɗaga diddige kamar mai ɗage. In diddigen ya fito, a nemi na ƙasa da shi.

Matsi ma haɗari ne. A bar takalmin a ƙafa kamar minti biyar zuwa goma. In yatsu suka fara tsami ko suka dunƙule, ko bakin robar ya bar shaida mai zurfi a bayan ƙafa ko ƙarƙashin idon sawu, to ya yi kaɗan. Takalmin da ya matse yana hana jini gudana sosai, shi ne kuma ke jawo ƙagewar tafin ƙafa da sha-raɓa. Wanda ya dace shi ne mai riƙe ƙafa ko'ina daidai, yatsu kuma suna iya motsi.

Wanda zai yi kwana biyar ko shida yana nutso a jere, ya tanadi safa ta musamman mai kaurin milimita 1 zuwa 2. Fatar da ta jiƙa tana laushi, gogar roba kuma takan sa ta yi bororo a diddige da kan yatsu, ciwon da ba ya saurin warkewa in ana komawa ruwan gishiri kullum. Amma da safar za a yi gwajin tun a kanti, domin tana iya ƙara wa ƙafa lamba guda.

FIFFIKEN KANSA

Ba duk mai rufaffen diddige ne aka yi don mai tulu ba. Akwai gajeru masu laushi da ake sayarwa a kantunan bakin teku don masu iyo a saman ruwa. Waɗannan ba za su iya tura mutum da kayansa a gaban igiyar ruwa ba. Akwai kuma dogaye ƙwarai, masu kusan mita ɗaya, na masu nutso da numfashi ɗaya. Su suna da gudu, amma suna da wuyar juyawa a matsattsen wuri, ba sa shiga jaka, kuma sabon shiga zai riƙa dukan murjani da abokan tafiyarsa da su. Abin da ya dace da yawancin masu hutu shi ne matsakaici a tsawo da tauri.

Fiffike mai tauri yana tura ruwa da yawa, amma sai mai ƙarfin cinya. Ma'aikacin da ya shekara a kan kujera, in ya ɗauki mafi tauri don ya ga malamin nutso da shi, ƙafarsa za ta gaji tun a rana ta farko. Mai laushi ya fi daɗin bugu, sai dai yakan gaza in ruwa ya yi ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1990 an fito da wani iri mai tsagaggen fiffike, wanda ke rage wa gwiwa da idon sawu wahala, amma bai kai mai fiffike ɗaya kyau ba wajen bugun kwaɗo da ja da baya.

Bugun kwaɗon nan yana da muhimmanci, domin yana tura ruwa baya maimakon ƙasa, don haka ba ya tayar da yashi, ba ya kuma kai ƙafa kan murjani. Murjani halitta ce mai rai, manyan dunƙulensa kuma ba sa ƙaruwa fiye da kamar santimita ɗaya a shekara. Bugu ɗaya na ganganci yana iya karya abin da ya yi shekaru yana girma. Don kare irin wannan dukiya ne Masar ta mai da Ras Muhammad gandun da doka ta tsare a 1983.

SAYE KO HAYA?

Makarantun nutso suna ba da hayar kaya, kuma wanda zai gwada abin sau ɗaya bai da dalilin saye. Hasali ma haya hanya ce ta gwada iri biyu ko uku a cikin ruwa kafin a fitar da kuɗi. Wanda kuwa ya yi niyyar ci gaba, takalmi da gilashin fuska su ya kamata ya fara mallaka, tunda su ne suka fi dogara ga ƙirar jikin mutum. In ya saya, ya gwada su a wurin wanka na iyo kafin tafiya, don ya gano inda suke gogarsa tun da sauran lokaci.

Bayan kowane nutso a ɗauraye su da ruwan daɗi, a shanya a inuwa. In an dawo gida a ajiye su kwance, ba a tsaye a kan bakin fiffike ba, kuma nesa da rana da zafin bayan mota, domin zafi da bushewa irin namu suna sa roba ta tsattsage. Diddigen da ya yage kuwa ba ya gyaruwa. Haka nan kada a yi tafiya da su a kan jirgi; a sa su a bakin wurin faɗawa, in kuma ya zama dole a taka, a yi ta da baya ko a gicciye.

Daga ƙarshe muna jan hankalin mai karatu cewa takalmi, komai kyansa, ba ya maye gurbin horo. Takardar shaidar farko da ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI suke bayarwa ta tsaya ne a zurfin mita 18, kuma ana shawartar wanda ya yi nutso da yawa a jere ya dakata aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama. Kafin mutum ya je kanti, ya tambayi makarantar da zai sauka ko daga jirgi ake shiga ruwa ko daga gaɓa, da kuma zafin ruwan a watan da zai je. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita za ta gaya masa irin da zai saya, sauran kuma ya bar wa ƙafarsa ta zaɓa.