Koyon sana'a a Wurno, Rabah da Goronyo: Wa ke ɗaukar nauyin matashin da ya ji rauni?

A duk bikin yaye matasa daga shirin koyon sana'a na gwamnati, abin da ake gani a hoto shi ne keken ɗinki, injin walda da takardar shaida. Ba a cika jin labarin wanda bai kai ranar bikin ba saboda inji ya ci masa yatsa, ko hasken walda ya taɓa masa ido.

A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin Jihar Sakkwato, wannan tambaya tana da nauyi, domin sana'o'in da suka fi kasuwa a yankin suna cikin waɗanda suka fi haɗari.

Yadda shirye-shiryen ke aiki

Tun 1987 Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ke gudanar da shirin koyon sana'a inda ake miƙa matashi ga wani ƙwararre a gari, gwamnati kuma ta riƙa ba shi ɗan alawus. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kawo N-Power, wanda ɓangarensa na N-Build ya koyar da gini, kafinta, aikin famfo, wayarin da kanikanci, kafin a dakatar da shirin a Oktoban 2023.

A Janairun 2021 kuma aka ƙaddamar da shirin ayyuka 774,000, wato mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, a kan Naira 20,000 duk wata na tsawon wata uku. Aikin ya haɗa da yashe magudanan ruwa, share tituna da gyaran hanyoyi.

A irin tsarin NDE, gwamnati ce ke ɗaukar sunan matashi, amma a shagon maigida yake wuni. Shagon kuwa sau da yawa rumfa ce a bakin kasuwa, ba ta da rajista, ba ta da akwatin agajin gaggawa. Idan tsautsayi ya faɗa, maigida na iya cewa yaron na gwamnati ne, jami'i kuma ya ce a shagon wani abin ya faru. A tsakanin su biyun, iyaye ne ke sayar da akuya ko buhun shinkafa su biya kuɗin magani.

Inda haɗarin yake

Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Kogin Rima da filayen noman rani na Wurno sun sa yankin ya yi suna a shinkafa, albasa da tafarnuwa. Noman nan ne ke ciyar da injinan casa da na niƙa, masu gyaran injin ban ruwa da masu walda.

A gidan casa, bel ɗin da ba a rufe ba shi ne babban abin tsoro. Yana kama hannun riga ko gefen gyale cikin ƙiftawar ido, ya ja mutum cikin inji. Ƙarar injin tana rage ji a hankali, ƙaiƙayi kuma yana shiga ƙirji.

A shagon walda, baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken da ke ƙona fatar ido. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan wasu sa'o'i, yawanci da dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Faifan gurza ƙarfe idan ya tsage yana tashi kamar harsashi, tukunyar kabaid kuma tana iya fashewa idan wuta ta koma cikin tiyo.

A gona, matashin da aka ɗora wa tankin feshi ba safar hannu, ba takunkumi, yana shan maganin ta fata da numfashi. Jiri, amai, yawan zufa da dalalar miyau bayan feshi alamu ne na guba, ba gajiya ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ma'aikata da yawa kan ajiye kayan kariyar ko da an ba su.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadiyyar haɗari ko cutar da ta shafi aiki. Ta kuma nuna cewa matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 sun fi manya yawan jin rauni a wurin aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sabon yaro bai san halin inji ba, yana jin nauyin yi wa maigida tambaya, kuma shi ake turawa aikin da kowa ke gudu.

Abin da doka ta tanada

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta sa mai koyon sana'a cikin ma'anar ma'aikaci, ko da yarjejeniyar ta baki ce, ko da kuma wurin aikin ba na hukuma ba ne. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a yarda ya cire kuɗin daga aljihun ma'aikaci ba. Asusun yana biyan kuɗin magani, diyyar naƙasa, da tallafi ga iyalan wanda ya rasu.

Sai dai dokar tana da wa'adi. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, zai sanar da maigidansa cikin kwana 14. Maigida zai kai rahoto ga NSITF cikin kwana bakwai. Takardar neman diyya kuma ana shigar da ita ne cikin shekara ɗaya. Iyalin da suka tsaya wurin mai ɗori ba su karɓi takardar asibiti ba, za su sha wuya kafin su tabbatar da cewa a bakin aiki raunin ya faru.

Dokar Ƙwadago ita ma ta ce a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita, sannan ta hana ɗora wanda bai kai shekara 16 ba a kan aikin inji.

Hanyar asibiti

Mummunan rauni kamar yankewar hannu, ƙuna mai zurfi ko fashewar ido, yawanci sai an dangana da Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Rashin tsaro ya ƙara wa tafiyar nisa. Mutanen yankin ba su manta da harin yankin Gandi a Rabah a Yulin 2018 ba, ko na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 da ya ci rayuka da dama. Direbobi da yawa ba sa yarda su hau hanya idan yamma ta yi.

Shi ya sa mintunan farko ke da muhimmanci. A kashe injin kafin a taɓa wanda ya kama. A danne wurin da ke zubar jini da tsabtataccen ƙyalle. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, kada a shafa manja, man goge baki ko tawada. Wanda maganin feshi ya taɓa a cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin. Wanda ƙarfe ya yanka a nemo masa allurar rigakafin sarƙe haƙora.

Kafin a miƙa yaro

Akwai tambayoyi huɗu da iyaye za su iya yi wa jami'in shiri tun ranar rajista. Sunan wa aka rubuta a matsayin mai ɗaukar yaron? An yi masa rajista da NSITF? Wa zai sayi gilashin walda, safar hannu da takalmi? Wa za a kira idan wani abu ya faru?

Kuɗin gilashin walda da murfin bel bai kai na jinyar mummunan rauni a asibiti ba. Idan shugabannin ƙananan hukumomin uku da ƙungiyoyin masu sana'a suka sa su cikin sharuɗɗan karɓar yara, kuma aka buɗe littafin rubuta duk raunin da ya faru, za a san yawan waɗanda suka shiga shirin da lafiyarsu suka kuma fita da ita.