Ingilishin jarrabawa ta kunne yake shiga

Yaron da ya tashi tsakanin Nkomkana da Briqueterie a birnin Yawunde, kafin ya kai shekara goma ya riga ya iya sarrafa harshe uku ko huɗu. Hausa a gida, Fulatanci a wurin maƙwabta, Faransanci a titi, in kuwa mai yawo ne har da ɗan abin da ya tsinta na Ewondo a kasuwar Mokolo. Babu wanda ya zaunar da shi ya karantar da shi nahawunsu. Ji ya yi, ya kwaikwaya, aka yi masa dariya, ya gyara. Ingilishi ne kaɗai ake so ya koya da ido: a kan allo, cikin jerin fi'ilai, sau da yawa ma bayanin da Faransanci ake yi masa. In sakamako ya fito ba daɗi, sai iyaye su ce yaron ba shi da kan Ingilishi. Alhali ba a taɓa ba kunnensa aikin yi ba.

Kuma ba darasin da za a kauce masa ba ne. Tun ranar 1 ga Oktoba 1961 da aka haɗe yankin da Faransa ta mulka da kudancin yankin da ke hannun Ingila, Kamaru take tafiya da harsunan hukuma biyu, tsarin mulkin 1996 kuma ya ce darajarsu ɗaya. Dokar ilimi ta 1998 ta bar tsarin karatu biyu, kowanne da jarrabawarsa. A na Faransanci akwai BEPC bayan shekara huɗu a sakandare, sai Probatoire, sai Baccalauréat, kuma Ingilishi na biye da ɗalibi a duk matakan. A ɗaya tsarin akwai GCE, mataki na farko bayan shekara biyar, na biyu bayan ƙarin shekara biyu, ƙarƙashin hukumar da aka kafa a Buea a 1993.

Ɗan GCE ya san zancen sauraro, domin a takardar Ingilishi ta matakin farko akan karanta wa ɗalibai wani nassi da baki, su amsa tambayoyi a kan abin da suka ji. Ɗan BEPC kuwa zai ce shi damuwarsa nahawu, kalmomi, karatu da fahimta, da insha'i, to ina ruwansa da kunne? Ruwansa babba ne. Duk mai karatu, ko bai buɗe baki ba, yana jin muryar abin da yake karantawa a cikin kansa. Wanda bai saba jin Ingilishi ba, kalma-kalma yake tsinta, yana juya kowacce zuwa Faransanci, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Lokaci ya ƙare yana sakin layi na biyu.

Akwai wata illa da Faransanci ke yi wa kunne wadda ba a cika faɗa wa yara ba. Faransanci ya saba wa mutum da watsar da harafin ƙarshen kalma: a rubuta, amma ba a furtawa. Ingilishi kuwa a wutsiyar kalma yake ajiye ma'ana. Can ne za ka gane abu ɗaya ne ko da yawa, an riga an yi ko yanzu ake yi. Yaron da ya saba rufe kunne kafin kalma ta ƙare zai ji labarin, amma ba zai san jiya abin ya faru ko kullum yake faruwa ba, kuma daidai nan mai tambaya yake kafa tarkonsa. Haka lambobi. Sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, a Ingilishi kusan sautinsu ɗaya, bambancin yana ƙarshe da kuma gaɓar da aka danna. A nan Bahaushe yana da jari, in ya sani. Harshen da ke rarrabe dogon wasali da gajere, yake kuma canza ma'ana da hawa da saukar murya, ya riga ya wasa kunnen mai shi.

Maganin yana cikin ɗaki, kuma kyauta ne. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CRTV, yana ba da labarai da harsunan biyu. A rediyo akwai na Faransanci ƙarfe ɗaya na rana, na Ingilishi ƙarfe uku. A talabijin na Ingilishi ne ke fara zuwa, bakwai da rabi na yamma, na Faransanci takwas da rabi. Galibi manyan labaran iri ɗaya ne. Ɗalibi ya kalli na bakwai da rabi da biro a hannu, kada ya ce sai ya gane komai. Labari ɗaya tak zai kama, ya rubuta wa ya yi, me ya yi, a ina, nawa ne adadin. Bayan awa ɗaya na Faransanci ya zo ya yi masa makin aikinsa. Makon farko zai ga ya ji sunan ministan amma ya ɓata lambar, ko ya ɗauka an buɗe hanyar alhali cewa aka yi za a buɗe. Wannan kuskuren shi ne darasin. A gidajen da Baba ba ya wasa da BBC Hausa, neman alfarmar minti goma don wata tasha ba zai gagara ba.

Hanya ta biyu mun gaje ta daga makarantar allo, inda malam ke biya wa almajiri, almajiri ya maimaita har bakinsa ya faɗa. A samo tsohuwar jaridar Cameroon Tribune, wadda ke fitowa da harsunan biyu, a zaɓi sakin layi ɗaya na Ingilishi. Babbar ya ta karanta da ƙarfi sau biyu, ƙanen yana zaune bai ga takardar ba. Zai ce, "Yaya, don Allah ki ƙara sau ɗaya." Amsarta ita ce, "A'a, ranar jarrabawa wa zai ƙara maka? Faɗa mini da Hausa abin da ka ji." Wannan faɗa da Hausar ya fi duk wata tambaya tona asiri, don ba a iya kwafe shi daga takarda. Bayan nan sai a ba shi jaridar ya karanta da kansa, ya ga inda kunnensa ya yaudare shi.

A ɓangaren karatu da fahimta, abin da ya fi cin maki shi ne kwafe. Yaro ya hango kalmar da ke cikin tambaya a layi na shida, ya kwashe jimlar ɗungurungum ya zuba, ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Gara ya fara duba tambayoyin, sannan ya karanta nassin gaba ɗaya ba tsayawa, a karo na biyu ya bi wakilan suna ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa: wannan "shi" ɗin wa ake nufi, wannan "su" ɗin su wa? Ya kuma yi hattara da kalmomin da suka yi kama da na Faransanci. Da yawansu taimako ne, amma wasu maƙetata ne, sura ɗaya ma'ana daban. Ƙamus kuma a bar shi sai an gama, tunda ba a shiga da shi ɗakin jarrabawa. A saba da cankar ma'ana daga jimlolin da ke kewaye.

Saura bakin magana. Tun da rikicin yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma ya ɓarke a 2016, iyalai da yawa masu Ingilishi sun dawo Yawunde, 'ya'yansu na makarantu da unguwanni irin su Obili da Biyem-Assi. Ɗan Nkomkana da ya samu aboki cikinsu ya samu malami, shi ma yana da Faransancin da zai biya da shi. Sai dai su yi yarjejeniya tun farko cewa Ingilishin makaranta za a yi, domin da hira ta yi daɗi Pidgin ake zamewa, shi kuwa mai makin jarrabawa jan biro yake sa masa.