Gurbi a Kwalejin Fasaha da Kuɗin da Za a Biya

Yau maganarmu ta shafi iyaye da 'ya'yansu da suka gama sakandare, ko suke dab da gamawa: yadda ake samun gurbi a kwalejojin fasaha da koyon sana'a a Najeriya, da kuma inda ɗan talaka zai samo kuɗin biya. In da matashi a gidan, a kira shi ya matso kusa da rediyo, ya zo da biro da takarda.

Duk shekara matasa sama da miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB, kuma mafi yawansu jami'a suke sa wa a zaɓin farko. Wanda bai samu ba sai ya koma gida ya jira baɗi, baɗi ta zo ya jira baɗin baɗaɗa. A daidai wannan lokacin kuma akwai kwalejojin fasaha da ba sa cike guraben da aka ware musu. Abin yana damuna ƙwarai, domin ba nesa suke da mu ba. Ga ta Kaduna, wadda tushenta ya faro tun 1956. Ga Nuhu Bamalli a Zariya, Hassan Usman a Katsina, Waziri Umaru a Birnin Kebbi, Ramat a Maiduguri, ga na Ƙaura Namoda da Kazaure da Bauchi da Mubi da Damaturu. Hukumar da ke sa ido a kansu, wato NBTE, ita ma a Kaduna hedikwatarta take, tun kafa ta a 1977. Ita ce ke tantance kwasa-kwasai, don haka tambayar farko da uba zai yi ita ce: kwas ɗin da yaron nan zai karanta, NBTE ta amince da shi a wannan makarantar? Makaranta tana iya zama mai rajista, amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba.

To, me ake buƙata? Har zuwa 2025 ƙa'idar ita ce kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, ko ta WAEC, ko NECO, ko NABTEB. Sauran ukun sai sun dace da abin da za a karanta. Mai son injiniyan lantarki ko na gini ko na injina ba zai tsira ba sai da Fiziks da Kemistiri, kuma su ne zai haɗa da Lissafi da Turanci a JAMB. Yara da yawa sun ci maki mai kyau amma gurbi ya kuɓuce musu, don kawai sun zaɓi darussan da ba su dace da kwas ɗin ba. Batun maki kuwa, a taron da JAMB ta yi da shugabannin makarantu a 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga kwalejojin fasaha. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, amma ba ta sauka ƙasa da haka. Ke nan wanda ya ci 130 ko 140 yana zaune yana cewa ya faɗi, bai faɗi ba. Ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita ya canza makaranta da kwas tun ba a rufe ba.

Karatun kansa hawa-hawa ne. Shekara biyu a samu ƙaramar difloma, wato ND, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a masana'anta ko ma'aikata, sannan a dawo a yi shekara biyu ta babbar difloma, HND, a tafi hidimar ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai wuraren aikin da ke fifita mai digiri a kan mai babbar difloma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin hana wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Rashin adalci ne, kuma ya kamata a kawo ƙarshensa. Sai dai wanda ya fito da iya haɗa sola, ko wayarin ɗin gida, ko gyaran injin ban-ruwa, ba dole ne ya jira takardar ɗaukar aiki ba kafin ya fara cin guminsa.

Akwai wata ƙofar ma da ba ta jiran a gama babbar sakandare. Yaron da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare zai iya zana jarrabawar shiga kwalejin koyon sana'a, ya yi shekara uku yana koyon walda, ko kafinta, ko aikin famfo, ko gyaran firji, ya fito da takardar NABTEB da za ta iya kai shi gaba. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ƙaddamar da shirin da ya mayar da karatu kyauta a kwalejojin sana'a na gwamnatin tarayya, har da alawus ga masu koyo. Shi kuma wanda ya koyi sana'arsa a hannun maigida, irin ƙwararrun kasuwar Panteka ta Kaduna, NBTE tana da tsarin gwada gwanintarsa a ba shi shaidar ƙwarewa ta ƙasa, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Yanzu ku ba ni aron kunnuwanku sosai, don nan ne inda 'ya'yanmu suka fi yin asara. Ba rashin ƙoƙari ke kayar da yawancinsu ba, saɓanin takardu ne. Kafin ka yi rajistar JAMB sai ka mallaki lambar ɗan ƙasa, NIN. Za ka tura ta a saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a aiko maka da lambar buɗe rajista, kuma sunan da ranar haihuwar da ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa, su JAMB za ta kwaso yadda suke. To mu kuwa kun san halinmu da suna. Yaro a firamare Garba ne, a takardar WAEC Abubakar, a banki Habu. Yarinya a nan A'isha, a can Aishatu, a wani wurin an ƙara mata sunan garinsu. Wani a takarda ɗaya sunan mahaifinsa ya biyo nasa, a ɗayar na kakansa. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa mai cike fom ne ya ƙiyasta ta da ka. A unguwa duk mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba. Harafi ɗaya ya bambanta, ta ɗauke shi wani mutum dabam. Gyaran kuma yana cin kuɗi, yana cin lokaci, wani sa'in har da takardar rantsuwa a kotu. A jera takardar haihuwa da ta makaranta da ta NIN da ta banki a kan tabarma, a karanta su harafi-harafi, a gyara abin da ya saɓa tun kafin a buɗe rajista.

Haka batun layin waya. Layin da ka yi rajista da shi, shi ne naka har ka gama karatu. Kada ka yi da layin mai shagon intanet, kada ka bar shi ya buɗe maka imel ya riƙe lambar sirrin. In gurbi ya fito, ta shafin CAPS na JAMB zai fito, kai ne kuma za ka shiga ka karɓa, ka buga takardar shaidar samun gurbin. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai shigar da kai ta bayan fage, ka guje shi. JAMB ta sha nanata cewa gurbin da bai bi ta CAPS ba haramtacce ne, kuma ranar da za a gane illarsa ita ce ranar neman bashin karatu ko tafiya hidimar ƙasa.

Mun iso maganar kuɗi. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai lamuni a watan Yunin 2023. Waccan ta farko ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai an kawo masu tsaya wa ɗalibi, kuma sai kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. Aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗan biyu. Asusun ba ɗalibai lamuni, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa na neman lamuni ranar 24 ga Mayun wannan shekarar. Ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne ke cin gajiyarsa, na tarayya da na jihohi, ciki har da kwalejojin fasaha. Ana neman lambar JAMB, da NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar ɗalibi ta makaranta, da takardar samun gurbi, da asusun banki mai sunanka. Kun ga dalilin da ya sa na daɗe a kan suna. Sannan sai makarantarka ta tura bayananka ga asusun kafin a gane ka. In ka shiga aka ce ba a ga sunanka ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai za ka nufa. Neman lamunin ba ya cin kuɗi, ba a biyan kowa ko kwabo.

Lamunin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake tura shi asusun makarantar. Na biyu shi ne kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusunka in ka nema. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga maganar. Don haka ka riƙa duba shafinka. In ya nuna an biya, alhali mahaifinka ya riga ya sayar da hatsi ya biya, kana da haƙƙin a maido maka. Ka adana rasit.

Iyaye da yawa suna tambaya, shin akwai kuɗin ruwa? Babu. Abin da aka ba ka shi za ka mayar. Amma bashi ne, ba kyauta ba, kuma ina roƙon matasa su daina kiransa rabonsu na arzikin ƙasa. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biya daga ribarsa. Wanda bai samu aiki ba doka ta ba shi damar neman a ɗaga masa ƙafa, kuma ana yafewa in mai bashin ya rasu. Shawarata ita ce a zauna a yi lissafi a gida. Naira 20,000 sau goma sha biyu ta kama 240,000, kuma a kwalejoji da yawa wannan ya zarce kuɗin makarantar kansa. Ɗalibin da ke kwana a gidansu yana cin tuwon gidansu, ya yi tunani kafin ya ɗora wa kansa wannan kason. Wanda kuwa ya baro ƙauye, ba shi da kowa a birni, ya karɓa ba tare da jin kunya ba. Don irinsa aka yi.

Kafin bashi ma a fara leƙa inda ba a biya. Jihohinmu suna da hukumomin ba da tallafin karatu, gwamnatin tarayya ma tana da tata. Galibi suna neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbi, da katin makaranta. Kuɗin ba ya da yawa, kuma a wasu jihohin yakan yi jinkiri har ɗalibi ya fid da rai. Wannan gyara ne da ke wuyan gwamnoni. Duk da haka a nema, a kuma karɓi takardar ƙaramar hukuma tun yanzu, don sanarwar kan fito ne da gajeren wa'adi. Ga masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari kuma, in za ku ɗauki nauyin ɗalibai, ku tuna da na kwalejin fasaha, mata da maza. Bayan kuɗin rajista akwai takalmin aiki, da rigar bita, da kayan zane, da kuɗin aikin gwaji na ƙarshen shekara, kuma su ne ke sa wasu ajiye karatu a tsakiya.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba shekarar sanin makamar aiki: yadda ake samun wuri, da abin da ya kamata ɗalibi ya fito da shi.