Zauren Gungun Kwantena: Yadda Saƙo Ke Isa Ga Mai Hidima

Duk wanda ya zauna da matasan da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta a wannan zamani, ko a jami'a ko a ɗakunan koyon sana'a na biranenmu, ba zai rasa jin wani kuka da suke yawan yi ba, wato sun gina shafi, sun tayar da shi a cikin kwamfutarsu, alamu duka sun tabbatar yana aiki, amma da sun buɗe burauza domin su gan shi sai ta ce babu wanda ya amsa. Wannan mas'ala, ko da yake a zahiri ta masana ce, tana da fa'ida ga kowane mai karatu, domin a kanta ne ake fahimtar yadda saƙon da mutum ya aika daga wayarsa yake samun hanya har ya riski manhajar da za ta biya masa bukata.

A shekarar 2013 ne Solomon Hykes da abokan aikinsa suka fito da Docker, wanda ya sauƙaƙa ƙunshe manhaja tare da dukkan abin da take bukata a wuri guda da ake kira kwantena, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Da kwantenoni suka yawaita har kula da su ya gagari hannu, sai kamfanin Google ya fitar da Kubernetes a 2014, bisa darasin da ya koya daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg, domin ya tara kwamfutoci su zama gungu ɗaya, ya raba musu aiki, ya kuma tayar da duk kwantenar da ta mutu. Daga baya aka samu minikube da kind da k3s, waɗanda ke bai wa ɗalibi damar kafa ƙaramin gungu a kwamfutarsa ta hannu, kuma wannan ni'ima ce babba ga ɗalibin Kano ko Damagaram, wanda hayar na'ura a wurin Amazon ko Google, da ake biyanta da dala, take yi masa nauyi.

Dalilin shirun da burauza take samu shi ne an ƙaddara gungun ya kasance a rufe tun asali. Kowane Pod, wato ƙaramin rukunin kwantena, yana da adireshi na cikin gida wanda ke sauyawa duk lokacin da aka sake tayar da shi, saboda haka ake kafa masa abin da ake kira hidima, mai suna tabbatacce da adireshi tabbatacce, sai dai wannan adireshin ma na ciki kaɗai ke iya kaiwa gare shi. Misalinsa kamar gidan malam ne mai ɗakuna da yawa, inda mutanen gida ke shiga ɗakin juna ba shamaki, alhali baƙo ba shi da hanya sai zaure, a nan zai yi sallama, ya faɗi wanda yake nema, a tura yaro ya isar da saƙonsa. Aikin mai gungu shi ne ya gina zauren, ya kuma ajiye wanda zai amsa sallama.

Akwai hanyoyi na gaggawa da ba su bukatar dogon sharhi. Mutum na iya ba da umarni a haɗa wata ƙofa ta kwamfutarsa da hidima ɗaya, amma da ya rufe tagar umarnin hanyar ta yanke. Yana iya amfani da NodePort, wanda ke buɗe ƙofa mai lamba tsakanin 30000 da 32767, sai dai ba mai hankalin da zai bukaci abokin ciniki ya haddace irin wannan lamba. Akwai kuma LoadBalancer, wanda a wurin kamfanonin haya yake samun adireshin waje nan take, amma a gida sai ya zauna yana jira ba iyaka, domin babu mai ba shi, sai an kawo mataimaki irin su MetalLB.

Hanyar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Ingress, wadda ta samu cikakken matsayi a Kubernetes a 2020, kuma hikimarta ita ce ƙofa ɗaya ta wadatar da hidimomi da yawa. Wajibi ne a rarrabe abu biyu da masu koyo suke yawan cakuɗawa, domin Ingress takardar ƙa'idoji ce kawai, ba ta motsa komai da kanta, mai zartar da ita wata manhaja ce dabam da sai an girka ta, kamar NGINX, wanda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, ko Traefik, wanda ke zuwa tare da k3s. Mu ƙaddara ɗalibi yana da shafin kanti da kuma manhajar lissafi. Zai rubuta cewa duk saƙon da ya zo da sunan kanti.test a kai shi ga shafin, wanda kuma ya zo da kanti.test/lissafi a kai shi ga manhajar lissafi. Mai zartarwa, wanda ke sauraro a ƙofa ta 80 da ta 443, zai duba sunan da ke kan kowane saƙo da hanyar da ya nema, sannan ya miƙa shi inda ƙa'ida ta ce.

Duk da haka sunan kanti.test ba ya cikin rajistar sunayen intanet, saboda haka sai ɗalibin ya buɗe fayil ɗin hosts na kwamfutarsa ya ƙara layi guda, ya rubuta 127.0.0.1, wato adireshin da kowace na'ura ke kiran kanta da shi, ya bi shi da sunan. In kuwa da kind yake aiki, inda gungun kansa yake zaune cikin kwantenar Docker, sharaɗi ne ya bayyana haɗin ƙofofin tun lokacin kafa gungun, in ya manta sai ya rushe ya sake gini. A ganina, ranar da ɗalibi ya iya karanta lambobin kuskure ita ce ranar da ya fara fahimtar wannan fanni da gaske, domin 404 daga mai zartarwa bushara ce cewa saƙo ya iso amma babu ƙa'idar da ta dace da shi, 503 kuwa tana nuna ƙa'ida ta dace amma babu Pod mai rai a bayan hidimar.

Saura baƙo na haƙiƙa, wanda ke wani gari. Adireshin tsohon tsarin intanet bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma babbar taskarsa ta ƙare a 2011, shi ya sa na'urorin gida suke ɗaukar adireshi na keɓe, irin mai farawa da 192.168, suna fakewa bayan adireshi ɗaya na waje. Mai layin intanet na ofis yana iya umartar na'urar rarraba intanet ɗinsa ta tura ƙofa ta 443 zuwa kwamfutar gungun. Amma akasarin mutanenmu da datar waya suke shiga, inda kamfanin sadarwa ke haɗa jama'a masu yawa a kan adireshi guda, babu ƙofar da mutum zai ce tasa ce balle ya buɗe ta. Mafita a nan ita ce rami irin na ngrok ko Cloudflare Tunnel, inda kwamfutar ce da kanta take fita ta ƙulla alaƙa da na'urar kamfanin mai ramin, saƙon baƙi kuma ya biyo wannan alaƙar ya shigo, bisa sanin cewa duk abin da ya wuce ta hannun wani ya bi. Takardar shaidar ɓoye saƙo kuwa Let's Encrypt na ba da ita kyauta, saboda haka babu uzuri ga mai barin kalmar sirrin mutane tana tafiya a fili.

Abin da nake roƙon mai buɗe wannan hanya shi ne ya ƙididdige abin da ya fitar waje ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da shafin kanti, ya bar rumbun bayanai da allon sarrafa gungun a ciki. A 2018 masu bincike na kamfanin RedLock suka gano cewa allon sarrafa Kubernetes na kamfanin motoci na Tesla yana buɗe ga intanet ba tare da kalmar sirri ba, kuma wasu sun riga sun shiga ta nan suna haƙar kuɗin kirifto da na'urorin da Tesla ke biyan hayarsu.