Sawakin: Abin da Baƙo Zai Tarar a Tsohuwar Mashigar Alhazai

Garin Mubi yana gindin duwatsun Mandara ne, kusa da iyakar Kamaru, kuma tsakaninsa da teku mafi kusa akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, saboda haka idan aka ambaci gari a kan tsibiri a wannan yanki, hankalin mai sauraro yakan tafi ga tsibiran Tafkin Chadi ko kuma ga Legas. Sai dai akwai wani garin tsibiri wanda tarihinsa ya shafi Adamawa da Borno da ƙasar Hausa fiye da yadda nisansa zai sa a yi zato, shi ne Sawakin, da ke gaɓar Bahar Maliya a gabashin Sudan, wajen kilomita 60 kudu da Port Sudan. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, maniyyatan da suka tashi daga wannan sashe sukan bi ta Marwa da Kusuri su haye zuwa Fort Lami, wato Njamena ta yau, su wuce Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid, kuma da yawansu a Sawakin suka fara ganin teku da idonsu, a nan ne kuma suka shiga jirgin ruwan da ya kai su Jidda.

Tsarin wurin shi ne abu na farko da ya kamata baƙo ya fahimta, domin shi ya ɗaukaka garin, shi ne kuma ya kashe shi. Teku ta kutso cikin ƙasa ta wani siririn mashigi mai tsawon 'yan kilomitoci, sannan ta buɗe ta zama tafki mai kwanciyar ruwa, kuma a tsakiyar tafkin nan tsibirin yake zaune, kusan a zagaye, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Jiragen ruwa na dā masu tafiya da iska sun sami mafakar da igiyar ruwa ba ta dame su ba, har ta kai ana sauke kaya daga jirgi kai tsaye zuwa ɗakunan ajiyar fatake da ke bakin ruwa. Ibn Battuta ya yada zango a nan wajen shekarar 1330, ya tarar da wani ɗan gidan Sharifan Makka yana mulkin tsibirin, ya kuma lura cewa ruwan sha ma daga ƙetare ake kawo shi. Turkawan daular Usmaniyya sun mallaki garin a ƙarni na 16, Masar ta karɓe shi a 1865, kuma buɗe mashigin Suwes a 1869 ya ƙara masa ciniki. A 1877, zamanin da Gordon yake gwamnan Sudan, aka cike ruwa aka yi gajeriyar hanyar da ta haɗa tsibirin da sashen garin da ke kan tudu, wanda ake kira Gaif, kuma ta wannan hanya baƙo yake shiga da ƙafarsa har yau.

Wanda ya shiga yana tsammanin ganin gari mai rai zai sha mamaki, domin mafi yawan tsibirin kufai ne. Tituna sun cika da tulin farin dutse, nan bango guda ya rage a tsaye, can kuma bakin ƙofa mai zane ba tare da gidan da take kaiwa ba. Aikin da ya fi dacewa da baƙo a nan shi ne yawo a hankali da sassafe, tare da wani ɗan gari da ya san gidan wane ne ya tsaya a wane wuri, kuma ya tsaya ya duba dutsen ginin da kyau. Dutsen murjani ne. Murjani ba dutse ba ne tun asali: wasu ƙananan halittun teku ne suke rayuwa a dunƙule, suna gina wa kansu ƙwarya mai tauri, idan sun mutu wasu su hau kan ƙwaryarsu su ci gaba da gini, har shekaru aru-aru su tara tsauni a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin da mata suke ratayawa a wuya dangi ne na wannan, sai dai na gini fari ne mai ramuka, marar nauyi, kuma yana yankuwa cikin sauƙi. Magina suna yanka shi kamar tubali, su jera, su gitta katako a tsakanin jerin domin ya ɗaure bangon, sannan su shafe shi da farar ƙasa. Da wannan dabara aka tayar da benaye masu hawa uku, wasu ma fiye da haka, irin waɗanda ake gani a tsohuwar unguwar Jidda da kuma Masawa ta ƙasar Eritiriya.

Raunin wannan gini daidai yake da na soron ƙasa wanda ba a yi masa yaɓe kafin damina ba. Muddin shafen farar ƙasa yana nan, bango yana da lafiya; da zarar ya ɓare, iskar teku mai laima da gishiri takan shiga ramukan dutsen, katakon ya ruɓe, bene ya zauna a kan kansa. Abin da ya hana a ci gaba da shafen kuwa siyasa ce da ciniki. Manyan jiragen ruwa masu inji ba sa iya shiga siririn mashigin nan da murjani ya ƙara matsewa, don haka Turawan Ingila suka zaɓi wata gaɓa a arewa suka gina sabuwar tasha daga 1905, aka buɗe ta a 1909 da sunan Port Sudan. Fatake da bankuna da ofisoshin gwamnati suka ƙaura ɗaya bayan ɗaya, masu gidaje suka kulle ƙofofinsu suka bi kasuwa, kuma cikin shekaru kaɗan benayen suka fara zuba. Wani malamin zane mai suna Jean-Pierre Greenlaw ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976, kuma yawancin abin da aka sani game da kamanninsu a yau daga zane-zanensa ne. Yana da kyau baƙo ya duba waɗannan zane-zane kafin ya zo, domin su ne za su ba shi damar gane cewa ramin da yake gani a bangon sama gurbin roshan ne, wato tagar katako mai saƙaƙƙen zane da take turowa waje daga bene, wadda take shigar da iska ta tare rana, ta kuma ba matan gida damar ganin titi ba tare da an gan su ba.

Gine-ginen da suka fi kama ido a yau su ne masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, waɗanda hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya mai suna TIKA ta gyara, tare da tsohon gidan kwastan. Samun masallatai biyu a fili ƙanƙane haka yana nuna irin mutanen da suka zauna a wurin, domin mazhabar Hanafiyya ita ce ta mahukuntan Turkawa, Shafi'iyya kuwa ta fi yawa a tsakanin fataken Hijaz da Yaman da Masar. Baƙon da ya fito daga Adamawa, inda mazhabar Malikiyya ta mamaye, zai tarar cewa mafi yawan mutanen Sudan su ma Malikawa ne, don haka sallarsa ba za ta zama baƙuwa ga kowa ba. Game da gyaran kansa, ana iya cewa ya ceci masallatan daga rushewa, amma farin fenti mai ƙyalli a tsakiyar kufai yakan sa su yi kama da sabon gini, kuma mai son ganin hannun maginan dā zai fi samun biyan buƙata a jikin bangayen da ba a taɓa ba. Kada dai sha'awa ta kai shi ga hawa su, domin dutsen da ya sha gishiri shekara ɗari ba ya ba da sanarwa kafin ya faɗi.

A kan tudu, a bakin Gaif, akwai ƙofar da ake kira da sunan Kitchener, wadda aka gina a 1886 tare da ganuwa lokacin da yake gwamnan yankin. An yi ganuwar ne saboda Usman Digna, babban kwamandan Mahadin Sudan a gabas, wanda ya tara mayaƙan Hadandawa ya gwabza da sojojin Masar da na Ingila a Teb da Tamai a 1884, ya kuma tsare garin shekaru ba tare da ya ci shi ba. An kama shi a 1900, ya rasu a 1926, kuma kabarinsa yana Arkawit, wani gari mai sanyi a kan duwatsun da ke kudu maso yammacin Sawakin, wanda ya cancanci tafiyar yini guda ga mai lokaci. Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga Adamawa, domin a shekarun nan ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda kusa da Marwa ya yi wa Mahadin mubaya'a. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar.

Zuriyar waɗannan masu hijira, da ta maniyyatan da guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya noman auduga a Jazira domin tara kuɗin jirgi, ita ce mutanen Sudan suke kira Fallata ko Takari. Tafiyar da aka yi niyyar yi a shekara biyu takan zama ta shekara goma, wani lokaci ta zama ta har abada, kuma masani C. Bawa Yamba ya rubuta littafi guda a 1995 a kan mutanen da aka haifa a Sudan amma suke ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa aikin hajji ba. Saboda haka mai jin Hausa ko Fulatanci ba zai rasa abokin hira ba a kasuwannin Port Sudan da Kasala da Gadarif, kuma zama da dattawan waɗannan unguwanni yana cikin abubuwa mafi amfani da baƙo daga Mubi zai yi, ko da yake Hausarsu ta sha Larabci sosai.

Rayuwar garin ta yau a Gaif take. Mutanen ƙasar 'yan ƙabilar Bija ne, waɗanda Hadandawa reshe ne daga cikinsu, kuma abin da suka fi karrama baƙo da shi shi ne gahawa, wadda ake soya ƙwayarta a kan gawayi a gaban mai sha, a daka ta da citta, a dafa ta a wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake kira jabana, a zuba a ƙananan kofuna. Ba a shan ta a tsaye, ba a kuma shan ta da gaggawa. A bakin ruwa ana soya kifin da masunta suka kawo da safe, a cikin kasuwa kuma ana gasa naman rago a kan duwatsu masu zafi da aka shimfiɗa bisa garwashi. Wanda ya yi ciniki da mai kwale-kwale zai iya zagaya tsibirin ta ruwa, kuma daga nan ne ake ganin garin kamar yadda matuƙan dā suka gan shi. Mai sha'awar nutso da kallon murjani mai rai sai ya koma Port Sudan ya shiga jirgi zuwa Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da gaɓar Dungunab, inda ake samun wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayun kogin Binuwai.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci ƙwarai, kuma lissafin Mubi ba ya aiki a can. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina take sanyaya Adamawa, zafi a wannan gaɓa yakan wuce digiri 40, ga laima da take hana gumi bushewa. Ɗan ruwan saman da ake samu yana zuwa ne wajen Nuwamba zuwa Janairu, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ne yawo da ƙafa yake yiwuwa ba tare da wahala ba. Masauki mai kyau ya fi samuwa a Port Sudan, mutum ya zo da safe ya koma da yamma. Ɗaukar hoto a kusa da tashar jirage ko wurin jami'an tsaro kan jawo tambayoyi, hoton mata kuwa ba a ɗaukarsa sai da izini.

Tashar jiragen da ake magana a kanta ita ce wadda aka buɗe a 1991 a bakin mashigin, aka sa mata sunan Usman Digna, kuma daga nan jiragen fito suke ɗaukar fasinjoji da masu Umra zuwa Jidda, tafiyar wajen awa 12. Ɗan Mubi wanda ya saba ganin tireloli suna lodin shanu a kara zai gane harkar da ya tarar a can, domin ta Sawakin ake fitar da tumaki da raƙuman Sudan zuwa Saudiyya, musamman gab da babbar salla. Haɗarin sana'ar ma iri ɗaya ne: a watan Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000.

Duk wannan bayani yana rataye ne a kan sharaɗin zaman lafiya. A Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka sanar da yarjejeniyar ba ƙasarsa damar sake gina shi, amma kifar da gwamnatin Umar al-Bashir a Afrilun 2019 ya sa aikin ya yi sanyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya sa hukumomi suka ƙaura zuwa Port Sudan, ta nan ne kuma aka kwaso wani sashe na ɗaliban Najeriya, sannan a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai wa birnin kansa hari. Tsohuwar hanyar alhazai ta Janaina da Fashir kuwa ta ratsa ta Darfur, inda yaƙin ya fi muni, don haka mai niyyar ziyara sai ya jira ƙura ta lafa, ya nemi biza da takardar izinin yawo a cikin ƙasa, ya kuma shiga ta jirgin sama zuwa Port Sudan ko ta jirgin fito daga Jidda.