Igiya, sanda da jarka: dabarar 'yan sikawut lokacin korona

Mai sauraro, ka tuna shekarar 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, aka hana taruwa? 'Yan sikawut, yaran nan masu ɗaura ƙyalle a wuya, su ma abin ya shafe su: babu kwana a sansani, babu fareti. A watan Afrilu sai suka yi taronsu na duniya ta intanet.

To, wanda ba shi da babbar waya fa? A wasu ƙasashen Afirka sai suka koma ga abin da suka ƙware a kai, wato ɗaurin igiya. Su kafa gwafa biyu, su gitta sanda, su rataya jarka mai ɗan huji. Su ɗaura igiya daga wuyan jarkar zuwa wani itace a ƙasa. Ka taka itacen, jarka ta karkata, ruwa ya zubo, ka wanke hannu da sabulu ba ka taɓa komai ba.

Korona ta lafa, amma kwalara takan biyo damina. Kai mai rumfa a bakin iyaka, kai makiyayi a ruga, ku kafa irin wannan. Ruwa kaɗan take ci.